Muryar da Yaya Ya Matse

A layin masu gyaran waya, in ka tambayi yayana da sunansa na gaskiya sai a yi ta kallonka. Waƙa-Dubu suka san shi. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga dole na uku ya tsaya a waje. A ciki akwai tebur, da kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, da tsohuwar rikodar kaset, sai lasifika biyu da ya girke a bakin ƙofa suna ruri daga buɗe shago har rufewa. Sana'arsa tura wa mutane waƙa. Ka kawo memori, ɗan katin nan na waya da bai fi farce ba, shi kuma ya cika maka shi.

Masu irin sana'arsa sun kai biyar a layin, amma shi ne gwani, kuma ya sani, shi ya sa bakinsa ba ya rufuwa. Katin da wani zai sa wa waƙa ɗari biyu ya ce ya cika, Yaya sai ya dura masa dubu. Sirrin shi ne matsewa. Ya sha yi mini bayani ko ban tambaya ba: wai kowace waƙa tana ɗauke da tarkacen sauti da kunne bai damu da su ba, ƙananan ƙararraki da manya suka danne, to kwamfuta sai ta tsince su ta zubar, waƙa ta rage nauyi. In ka ƙara matsa mata ta ƙara zubarwa. Shi kuwa har ƙarshe yake kai ta, inda babu sauran abin matsewa.

In mai saye ya yi gardama, sai ya kunna masa waƙa ɗaya sau biyu a wayarsa, ta asali da matsattsiya, ya harɗe hannu ya ce, "To faɗa mini, wacce ce wacce?"

A cikin ƙarar janareto da babura da lasifikan Yaya kansa, wa zai gane? Mutum ya yi ta karkata kai, daga ƙarshe ya yi dariya ya miƙa katinsa. Ni dai na faɗa masa gaskiya tun farko, na ce waƙoƙinsa kamar mawaƙin ya kifa bokiti a kai yake rerawa.

Ya ce, "Auta, kunnenki ne mai iyayi. Direban da zai yi tafiyar kwana biyu ruwansa da bokitinki? Waƙar da ba za ta ƙare ba yake so."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Direbobi da masu gadi da teloli duk wurinsa suke zuwa. Da wannan sana'a ya yi aure, ya ciyar da 'ya'ya huɗu, ya kuma tsaya mini har na gama makarantar koyon malanta.

Bayan tura waƙa yana da wani aikin, juyar da tsofaffin kaset zuwa waya. Yana da tsarinsa wanda ba ya saɓawa. Ya kunna kaset kwamfuta ta ɗauka. Ya wanke, wato ya cire shuuu ɗin nan da tsohon kaset yake yi. Ya matse. Ran Asabar kuma ya share duk manyan kwafin da ya ɗauka a makon, domin kwamfutar ba ta da wurin ajiye su, kaset ɗaya in ba a matse ba yana cin wurin waƙa ɗari da wani abu. Su kuma kaset ɗin, da yake masu su ba sa dawowa nema in sun samu a waya, sai ya jefa su a kwali ƙarƙashin tebur. In kwalin ya cika ya miƙa wa masu kwasar shara. Hannunsa ya saba da wannan har ba ya sanin yana yi.

Mamanmu ta rasu ina shekara takwas, Yaya yana sha huɗu. Ba ta son hoto, guda ɗaya da aka ɗauke ta ma ta kau da kai. Abin da ya rage mana nata shi ne wani kaset mai jan tambari. Baba yana da al'adar ajiye rikoda a gaban rediyo ya ɗauki waƙoƙin da yake so, kuma irin wannan ɗauka duk motsin da aka yi a ɗaki sai ya shiga. A fuska ta biyu ta kaset ɗin, tsakiyar waƙa ta uku, ana jin an turo ƙofa, sannan Mama ta yi magana can baya, ƙasa-ƙasa, waƙar tana neman danne ta. Bai fi numfashi uku ba.

Da Baba ya rasu kaset ɗin ya dawo hannuna. Na daɗe ban kunna shi ba, rikodata ta lalace, kuma ina tsoron wata ta tauna mini shi. Shekaru suka ja har kalmomin suka fara kuɓuce mini. Ni na riƙe cewa faɗa take yi a kan wani abu. Yaya ya ce ina, dariya take yi. Mun yi musun nan ya fi a ƙirga. Rannan na ce to a raba gardama, na naɗe kaset a gyale na kai masa shago. Na same shi da mutum huɗu a kansa, kowa na miƙo waya.

Na ce, "Yaya, na Mama ne. Ka sa mini a waya, ka kula da shi."

Ya ce, "An gama, Auta. Ajiye nan." Bai ma ɗago ba.

Washegari aka tura ni kwas na sati uku a wani gari. Da na dawo, ko gida ban tsaya ba na wuce shagon. Ya karɓi wayata yana fara'a, ya tura, ya ce in ji yadda ya wanke mini shi tas, ko ɗigon shuuu babu. Na sa iyafis, 'yan igiyoyin sauraren nan, a kunne na ja zuwa waƙa ta uku. Na jira ƙofar. Ba a turo ta ba. A daidai inda Mama take, sai wani ɗan ɓul-ɓul, kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, daga nan waƙa ta ci gaba abinta.

Na mayar baya na sake ji. Sau uku.

Na ce, "Ina Mama?"

Ya ce, "Kamar yaya?" Ya karɓi iyafis ɗin ya saurara. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya iso wurin. Sai ya juya ga kwamfuta ya buɗe inda yake ajiye manyan kwafi, ya tarar fayau, Asabar uku sun wuce. Ya durƙusa ya jawo kwalin ƙarƙashin tebur. Kaset biyar ne a ciki, babu mai jan tambari. An kwashe na baya tun kwana goma.

Ba zan ɓoye ba, na yi masa tatas a gaban mutane. Na ce masa mayen wuri, wanda in an ba shi dama zai matse 'ya'yansa su shiga aljihu ɗaya. Na ce uwarmu ce ya tsince ya zubar a matsayin tarkace. Masu gyaran waya suka fito suna ba ni haƙuri. Shi kuwa ya miƙa hannu ya kashe lasifikan ƙofa, ya kashe kwamfutar, ya nemo sukurdireba ya kwance bayanta. Ya zaro faifan ajiyarta, wani ƙarfe mai girman sabulun wanki, ya naɗe shi a cikin gyalen da na kawo kaset a ciki. Daga baya na gane dalili: abin da aka share yana nan kwance a faifan har sai an rubuta wani abu a kansa, don haka ya tsayar da komai a inda yake. Amma a ranar ban tsaya jin bayani ba, na tafi ina kuka a titi kamar ƙaramar yarinya.

Shekara biyu ban taka layin nan ba. Muna haɗuwa a gidan 'yan'uwa mu gaisa sama-sama, ya ce "Auta," in ce "Yaya," shi ke nan. Matarsa ce ta zo ta same ni a makaranta wata rana bayan an tashi.

Ta ce, "Ki yi wa Allah ki je ki ga ɗan'uwanki. Ni na kasa gane kansa."

Na je. Layin na nan yadda yake, amma ƙofar Yaya shiru. Ya sayi wata kwamfutar, ya ci gaba da sana'a, sai dai ya daina matsewa kwata-kwata. Ina zaune wani direba ya kawo kati, Yaya ya sa masa waƙa arba'in ya ce ya cika. Direban ya ce wasa yake yi.

Yaya ya ce, "Arba'in ne, amma duk abin da ke cikinsu yana nan. Ban cire komai ba."

"Ni dubu na sani. Me zan yi da abin da ba na ji?"

"Ba ka san abin da ke ciki ba," in ji Yaya.

Direban ya karɓi katinsa ya tsallaka shagon gaba. Haka suka watse masa ɗaya bayan ɗaya. Sunan dai bai bar shi ba, sai ma ya koma abin tsokana, yara masu sayar da caja su wuce suna cewa, "Waƙa-Dubu, yau guda nawa aka samu?" Kwalin ƙarƙashin tebur kuma ya zama kwali shida, jere a bango, kowane kaset da takarda manne a jiki. Ko mai shi ya ce a yar, Yaya ba ya yarwa.

Abin da ya tayar wa matarsa hankali shi ne iyafis. Da zarar babu mai saye, sai ya toshe kunnuwansa ya kunna wurin nan na waƙa ta uku a matsattsen kwafin da ya rage, ya ƙure ƙara, ya maimaita, ya maimaita. Ya ce mini in ka saurara sosai tana nan a cikin ɓul-ɓul ɗin, wani lokaci har yana kusa kama kalma ɗaya sai ta sulale. Na ce masa babu kowa a ciki, ya daina wahalar da kansa. Na faɗa da ƙarfi ne don ni ma abin ya kama ni. In na tara bokiti a famfo ruwa ya fara cika, sai in tsinci kaina na tsaya cak ina saurare. Ban gaya masa ba.

Faifan kuwa ya zaga da shi gari. Duk wanda aka ce ya iya kwamfuta sai Yaya ya je da gyalensa. Wasu su ce sati uku ya yi yawa, an riga an rubuta a kai. Wasu su ce ya bari su gwada, shi kuma ya ƙi, don yana tsoron hannun da bai ƙware ba ya ƙarasa abin da ya rage. Ana cikin haka kunnensa ya fara tafiya. Shekara ashirin yana zaune tsakanin lasifika biyu, ga kuma iyafis da ya ɗora a kai. Na hagu ya fara mutuwa, na dama ya koma ƙugi. Da farko yana musu, a yi magana ya ce mutane ne suka koma magana a ciki-ciki. Daga baya ya daina musun, ya koma kallon leɓen mutum.

Shekara goma sha ɗaya bayan abin, wata mata ta buɗe shago a saman benen, aikinta ceto abin da ya ɓace a kwamfuta da waya. Injiniya ake ce mata. Yaya ya yi wata guda yana lura da yadda take riƙe kayan mutane kafin ya hau mata da gyalen. Ta riƙe faifan kwana tara.

Ranar da ta kira mu, ta dubi Yaya ta ce, "Baba, kada in yaudare ka. Na kwaso abin da ya rage, amma a farfashe yake. Gutsure dubu shida da wani abu, babu suna, lamba ce kawai. Wani daƙiƙa biyar, wani minti biyar. Ko naku yana ciki ko babu, sai an saurara ɗaya bayan ɗaya."

Na maimaita masa a kunnen dama da ƙarfi. Ya gyaɗa kai. Muna saukowa matakala ya tsaya ya ce, "Auta, ni ba zan iya ji ba." Bai roƙe ni komai ba, ya faɗa ne kawai ya ci gaba da sauka.

Haka na koma ma'aikaciyar shagon Waƙa-Dubu. Kullum in an tashi makaranta ƙarfe biyu, in wuce can in zauna a kujerarsa da iyafis, shi yana gefe a kan benci da littafi yana soke lambobi. Yawancin gutsuren waƙoƙin kasuwa ne da tsaki da shuuu. Amma a cikinsu akwai ragowar kaset ɗin mutane, manyan kwafin da ya share shekara da shekaru, ba a wanke ba, ba a matse ba. Waƙa tana tafiya, sai ka ji wani tsoho yana tari a bayanta. Wata mata ta tambaya, "Ya fara ɗauka?" wani ya ce mata shhh. Jariri yana kuka ana jijjiga shi. Ana jera kwanoni. Wani yaro yana bin waƙar da kalmomin da bai iya ba, wasu suna ƙyalƙyala masa dariya. Ɗakuna ne na mutanen da ban sani ba, da rana tsaka, a shekarun da suka wuce, kuma da yawansu na tabbata ba sa duniya.

Duk lokacin da fuskata ta canja sai ya taɓa ni ya ce, "Me kika ji?"

In faɗa masa. Sai ya rubuta a gefen lambar: tsoho mai tari, mace mai tambaya. Wata rana ya dubi shafin ya ce, "Duk waɗannan na cire wa masu su. Kuma suka yi mini godiya." Na buɗe baki zan ce masa ai bai sani ba, sai na ga ba ya kallon leɓena, na bar shi.

Mun yi wata huɗu a haka. Na gaji, na yi fushi, sau biyu na ce na bari, washegari kuma in ga ƙafata ta kawo ni. Wata Laraba, wajen la'asar, ana zuba ƙara a layin kamar kullum, na danna lamba ta gaba sai na ji shuuu, sannan waƙar Baba, daga tsakiya. Na damƙe gefen tebur. Aka turo ƙofa, na ji kukan marfinta wanda na manta na sani. Takalmi ya ja a ƙasa. Mama ta bi waƙar da hanci, layi ɗaya, ba ta ma kama karin daidai ba. Sai ta ce, "Wa ya bar mini yarinya a ƙasa? Babba, zo ka ɗauki ƙanwarka." Ta yi 'yar dariya a ƙarshen maganar. Muryarta ƙarama ce, ta yarinya, ta fi tawa ta yanzu ƙuruciya nesa ba kusa ba.

Kafin in juyo, Yaya ya riga ya miƙe. Ya zare iyafis daga kunnena ya cusa a nasa na dama, ya ƙure ƙara. Ya saurara har gutsuren ya ƙare, minti huɗu. Ya mayar ya sake. Na ga yana bin lambar lokaci da ido, yana danna iyafis ɗin da yatsa. Daga ƙarshe ya cire ya ajiye a tebur a hankali.

Ya ce, "Waƙar nake ji. Ita kaɗai." Ya dube ni. "Tana nan?"

"Tana nan, Yaya."

"Me ta ce?"

Na matsa bakina kusa da kunnensa na faɗa masa, kalma bayan kalma, da ƙarfi har mai gyaran waya na gefe ya leƙo. Na gaya masa ta yi dariya kuma, shi ne mai gaskiya, ni ma da tawa. Ya zauna a benci ya rufe fuska da tafin hannu. Mutum mai furfura, jikansa na fari yana rarrafe. Na tsaya a kansa ban san inda zan sa hannuna ba.

Can ya share fuska ya ce, "Kawo wayarki."

Ya jona ta da kwamfuta, ya ja gutsuren ya saka. Wayar ta yi ƙara ta nuna rubutu: babu wuri. Ta cika da hotunan ɗalibai da bidiyon 'ya'yana da saƙonnin murya na shekara uku, kuma irin ta yanzu ce, ba ta da inda ake sa kati. Ya sake gwadawa ta sake ƙi.

Ya ce, "Ba komai, bari in ɗan mats..."

Hannunsa har ya kai kan maɓallin. Ya tsaya. Ya zuba wa hannun ido kamar na wani ne, sannan ya janye shi ya matse a tsakanin gwiwoyinsa, ya kau da kai gefen kwalayen kaset.

Na zare wayar na zauna kusa da shi. Na buɗe hotuna, na fara sharewa daga sama, ban tsaya duba na waye ba.